Yadda za ka zaɓi hanyar keke a kwazazzabon kogin Rayin, daga Bingen zuwa Koblenz

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Mainz zuwa Koblenz a Jamus ya san wurin da nake nufi. Da an bar Bingen sai duwatsu su matso ta kowane gefe, kogin Rayin (a allunan hanya Rhein za ka gani) ya tsuke ya shiga lanƙwashe-lanƙwashe, gonakin inabi sun hau gangare hawa-hawa kamar matakala, tsoffin fadojin dutse kusan 40 kuma suna bisa tsaunuka suna leƙen ruwa. Tsawon kwazazzabon kimanin kilomita 65 ne, kuma tun 2002 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Jirgi kan ratsa shi cikin ƙasa da awa guda. A kan keke wuni ne cur, ko kwana biyu ga wanda ba ya gaggawa.

Na bi wannan hanya ta gaɓa biyun, da bazara da kuma lokacin da ganye ke zuba. Abin da ya fi komai tasiri a kan yadda tafiyarka za ta kasance shi ne wannan: daga gadojin Mainz da Wiesbaden har Koblenz, tsawon fiye da kilomita 80, babu gada ko ɗaya a kan kogin. Gaɓar da ka ɗauka da safe ita ce taka, sai fa in ka sami jirgin fito. Saboda haka tun kana gida ake yanke shawara.

Da farko, wace gaɓa?

Jamusawa na kiran gaɓar kogi hagu ko dama ne gwargwadon inda ruwa ya dosa. A nan ruwan arewa yake yi, don haka gaɓar hagu ita ce ta yamma, wadda Bingen da Bacharach da Oberwesel da St. Goar da Boppard suke. Gaɓar dama ita ce ta gabas, mai Rüdesheim da Lorch da Kaub da St. Goarshausen da Braubach da Lahnstein. Kowacce tana da babban titin mota, B9 a hagu, B42 a dama, kowacce kuma tana da layin dogo. Wurin ya yi matsi ƙwarai, shi ya sa titi da dogo da hanyar keke duk suke cushe a ɗan tsakanin dutse da ruwa.

In wannan ne karonka na farko, ɗauki hagu. Dalilina na ɗaya shi ne kilomita 15 ɗin farko. Daga Bingen zuwa Bacharach, ta Trechtingshausen da Niederheimbach, hanyar keke ta rabu da titin mota ta sauka bakin ruwa, tana bi ta ƙarƙashin itatuwa da gefen 'yan lambuna. Abin da za ka riƙa ji shi ne gunjin injin jiragen dakon kaya da kukan agwagin ruwa. Nan ne mutum zai saba da kekensa, ya gyara tsawon sirdi, ya gane ko birki na ci, ba tare da mota na wucewa ta kafaɗarsa ba.

Dalili na biyu, abin kallo mafi yawa daga tsallake ake ganinsa. Wanda ke ƙarƙashin dutse ba ya ganin dutsen. Dutsen Loreley da kowa ke zuwa dominsa yana gaɓar dama ne, to mai tafiya a hagu shi ke ganinsa tun daga gindi har ƙoli. Haka kangon Ehrenfels, da fadojin Katz da Maus, da Marksburg.

Ba zan ɓoye maka aibin hagu ba. Daga Bacharach zuwa Boppard mafi yawan hanyar keken manne take da B9. Hanyarka daban, amma motoci na nan gefenka, ranar Lahadi mai rana kuma ga 'yan babura rututu. A dama ma haka abin yake da B42, har ma ya fi tsawo. Wanda yake son shiru zalla, musamman mai tafe da yara, ya tsaya a Bacharach ya juyo, ko ya hau jirgi ya koma. Wannan kaɗai ya isa fita ta wuni guda.

Gaɓar dama na da nata daɗin. Mutane sun fi ƙaranci, kuma da yamma rana na daɗewa a kanta bayan inuwar tsauni ta rufe ta hagu. A watan Afrilu ko Oktoba, lokacin da inuwa ke zuwa da sanyi mai shiga ƙashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zafin Yuli kuwa inuwar hagu ce rahama.

Sannan, ina za ka fuskanta?

Da yawa na cewa a bi ruwa a gangara, wai ya fi sauƙi. Gangaren da ke tsakanin Bingen da Koblenz bai kai mita 30 ba a duk tsawon tafiyar, ƙafarka ba za ta ma san da shi ba. Iska ce ke da ta cewa. Kwazazzabo kamar bututu yake, iskar da ta shiga sai ta bi tsawonsa, ko ta tura ka ta baya ko ta tare ka ta gaba. Daren da za ka tafi, duba hasashen yanayi ka ga daga ina take busowa. In daga arewa take da ƙarfi, hau jirgi zuwa Koblenz ka faro daga can ka yi kudu. Feda awa biyar cikin iskar gaba na gajiyar da mutum fiye da hawan tudu.

In iska ba ta da ƙarfi, na fi son farawa daga Bingen. A Jamus hannun dama ake bi, to mai yin arewa a gaɓar hagu ruwa na damarsa, shi ne a gefen kogi, babu mai tare masa kallo. Ga kuma wani ɗan abu da kan rikita baƙo: tashar jirgi fiye da ɗaya ce a Bingen. Sauka a Bingen Hauptbahnhof, wadda ke ƙetaren ƙaramin kogin Nahe, daidai bakin kwazazzabon. Kana fitowa bakin ruwa za ka hangi hasumiyar Mäuseturm a kan ɗan tsibirinta.

Raba tafiyar da allunan bakin ruwa

A gaɓar kogin akwai manyan alluna masu lambobi, baƙi da fari, waɗanda aka kafa domin matuƙa jiragen ruwa. Suna ƙirga kilomita ne tun daga gadar Konstanz, can kudu. Babbar lamba kilomita ce cikakkiya, alamar tarawa rabin kilomita, ƙananan lambobi kuma kowace mita 100. Mai keke ma sun yi masa rana, don ko batirin waya ya mutu ka san inda kake. Bingen na wajen 529, Bacharach 543, Kaub 546, Oberwesel 550, Loreley 555, St. Goar 556, Boppard 570, Braubach 580, Koblenz 592. Rubuta su a 'yar takarda ka manna a kan keke.

Wanda ya saba da keke zai yi kilomita 15 zuwa 18 a awa a hanya miƙaƙƙiya irin wannan, wato wajen awa huɗu na feda. Amma kada ka yi lissafi da wannan. Tsakanin 543 da 556 ba a sauri, domin nan ne zuciyar wurin.

A Bacharach jingine keken ka shiga ta ɗaya daga ƙofofin ganuwa, ka ga gidajen katako da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Gaba kaɗan, daura da Kaub, za ka ga wani farin gini a tsakiyar ruwa mai kama da jirgin da ya kafe. Pfalzgrafenstein ke nan, wanda sarki Ludwig na Bavariya ya fara ginawa a 1326 don karɓar haraji daga jiragen da ke wucewa. Da yawa daga fadojin nan harajin kogi ne ya gina su, kowane basarake ya tare tasa kusurwa. A wannan wuri ne kuma Blücher, kwamandan sojojin Prussia, ya ƙetare da dakarunsa a daren sabuwar shekarar 1814 yana bin sawun Napoleon.

Bayan Oberwesel kogin ya ƙara tsukewa, lanƙwasa ta ƙara tsanani har matuƙin jirgi ba ya hango mai tahowa. Shi ya sa za ka ga wasu baƙaƙen alluna masu fitilu farare a gaɓar da kake, suna sanar da jirgin da ke haurowa irin wanda ke gangarowa. Tsaya nan minti goma ka kalli yadda dogon jirgin dakon kwantena ke karya kwana a gindin Loreley, dutse mai tsawon mita 132 daga fuskar ruwa, inda zurfin kogin ya kai mita 25. Za ka ga gindin jirgin na zamewa gefe, injin na kuka, ruwa na murɗawa a bayansa. Wanda ya ga haka ba zai yi sha'awar shiga ruwan nan ba, kuma ina roƙonka kada ka shiga, kada ka bar yaro ya shiga ko da iya gwiwa. In jirgi ya wuce ruwan bakin gaɓa kan janye ne ya dawo da ƙarfi, kuma kowace shekara Rayin na cin mutane, har da gwanayen iyo.

In kwana biyu za ka yi, St. Goar ko Boppard ne wurin yada zango. A St. Goar akwai kangon Rheinfels, wanda aka aza harsashinsa a 1245, ya cancanci yammaci guda.

Jirgin fito da jirgin ƙasa: san mafitarka

Jiragen fito masu ɗaukar mota da keke biyar ne a cikin kwazazzabon: Bingen da Rüdesheim, Niederheimbach da Lorch, Kaub da Engelsburg, St. Goar da St. Goarshausen, sai Boppard da Filsen. Ƙetarawa 'yan mintoci ne, kuɗin kaɗan ne, a cikin jirgi ake biya, kuma ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu. Da su za ka iya haɗa gaɓa biyun a tafiya ɗaya.

Haɗin da na fi so shi ne a bi hagu har Boppard, a ƙetare zuwa Filsen, a bi dama ta Osterspai zuwa Braubach. Da haka ka ga Loreley daga tsallake, ka kuma iso gindin Marksburg, wadda ita kaɗai ce cikin fadojin kan tsauni na wannan yanki ba a taɓa rushewa ba. Daga nan sai Lahnstein, inda kogin Lahn ya shigo, sai Koblenz, inda gada take. Abin da ka rasa shi ne bi ta gindin gonakin Bopparder Hamm, amma za ka gan su shimfiɗe daga ƙetare, inda kogin ya yi babbar lanƙwasarsa.

Lokacin tashin jirgin fito na ƙarshe ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma yana sauyawa da yanayin shekara. Akwai allo a kowace mashiga. Karanta shi tun kafin ka ƙetare, ka ɗauki hotonsa. Na taɓa ƙetarawa da yamma a watan Oktoba don in hau wani tsauni, kafin in sauko an ɗaure jirgi, masaukina kuwa ga fitilunsa can ina hange a tsallake. Sai da na hau jirgin ƙasa na zagaya ta Koblenz, na iso dare ya yi nisa, jikina duk sanyi.

Jirgin ƙasa shi ne babban abin da ya sa wannan hanya ta dace da sabon shiga. A hagu RB26 ke tsayawa a kusan kowane gari, a dama RB10. Taya ta yi faci, ruwa ya sauko, gwiwa ta ƙi, duk tasha ba ta da nisa. A jihar Rheinland-Pfalz ana shiga da keke kyauta a jiragen yanki daga ƙarfe 9 na safe a ranakun aiki, Asabar da Lahadi kuwa duk wuni. Nemi ƙofar da aka zana keke a jikinta. Sai dai gurbin kekuna ƙayyadadde ne, kuma mai keken guragu da mai keken jariri suna gabanka. Yammacin Lahadi mai kyawun yanayi za ka iya jiran jirgi na biyu.

Ƙasa za ka tsaya ko za ka hau?

Hanyar bakin ruwa shimfiɗaɗɗiya ce, ko wane irin keke zai yi. Wani yanki ne na Rheinradweg, wadda ake kira EuroVelo 15, mai bin kogin tun daga tsaunukan Suwizalan har teku a Holan. Bi fararen alluna masu koren rubutu da hoton keke, ba za ka ɓata ba.

Da ka juya wa ruwa baya sai hawa, kuma hawa ne na gaske. A nan manhajar taswira kan jefa mutum cikin wahala. Akwai shahararrun hanyoyi biyu a saman tsaunukan, Rheinsteig a dama da RheinBurgenWeg a hagu, duka na masu tafiyar ƙafa ne, da matakala da duwatsu da wuraren da sai an kama igiyar ƙarfe. A taswira sukan fito kamar gajeriyar hanya. Kafin ka yarda da layin da waya ta zana maka, tabbatar ka saita ta a kan keke, sannan ka duba jimillar hawan da ta nuna. In ka ga ɗaruruwan mitoci tsakanin garuruwa biyu na bakin ruwa, ta ɗauke ka daga kogi ke nan.

Shawarata, zaɓi hawa ɗaya tak a wuni, ka kulle keken a ƙasa ka hau da ƙafa. A Boppard akwai kujerun igiya masu kai mutum kusa da Vierseenblick, inda tsaunuka suka yanyanka kogin har ya zama kamar tafkuna huɗu. Mai keken lantarki yana iya bin titin da ya tashi daga St. Goarshausen zuwa saman Loreley, amma ya gwada birkinsa tun a ƙasa, saukowa ta fi hawa haɗari.

Lokacin zuwa

Daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Da hunturu da farkon bazara kogin kan cika ya malale wuraren da hanyar keke ta yi ƙasa, irin na tsakanin Bingen da Bacharach. In an yi kwanaki ana ruwa, nemi Pegel Kaub a intanet, ma'aunin ruwan da kowa ke dubawa a yankin, kuma in ka ga shinge da kalmar Hochwasser ko Umleitung, bi kewayen da aka nuna. Ranakun wasan wuta na Rhein in Flammen, a Yuli da Agusta da Satumba, garuruwan da abin ya shafa kan cika maƙil, masauki ya yi wuya. Tsakiyar mako ta fi ƙarshensa nesa ba kusa ba.

Keken da abin da doka ke nema

Birki biyu masu ci, ƙararrawa, farar fitila a gaba da ja a baya in duhu ya yi. Doka ba ta tilasta hular kwano ba, amma ka sa. Shuɗin allo mai zagaye da hoton keke na nufin dole nan za ka bi, ka bar wa motoci titinsu. Riƙe waya a hannu kana tuƙi tarar Yuro 55 ce. A bakin ruwan Boppard da Koblenz mutane na yawo da yara da karnuka, rage gudu ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa.

A gida mun saba ko'ina taya ta sace akwai mai faci a gindin bishiya. Nan babu shi, shagunan keke kuma a rufe suke ranar Lahadi. Ɗauki tib na safaya daidai girman tayarka, da 'yan robobin ɓanɓare taya, da famfon da ka riga ka gwada ya shiga bakin bawul ɗinka, domin bawul iri-iri ne. In haya za ka yi, tambayi mai shago ko dole a nan za ka maido keken, ka kuma san ƙarfe nawa yake rufewa. Lambar gaggawa 112 ce.

Ci da sha, salla, da wurin kwana

Yankin inabi ne, kuma mafi yawan inabin barasa ake yi da shi, don haka sai an kula da sunaye. Kalmar Radler ma'anarta mai keke, za ka gan ta a allon kusan kowane wurin shan ruwa a bakin hanya, amma barasa ce da aka gauraya da lemo. Wani ɗan'uwa da muka fita tare ya kusa yin oda, a zatonsa abin sha ne da aka tanada wa matuƙa keke. Apfelschorle ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, ba komai a ciki, Weinschorle kuwa barasa ce. Traubensaft shi ne ruwan inabi zalla, kuma na wannan yanki yana da daɗi. Flammkuchen, wata siririyar gurasa da ake sayarwa ko'ina, asalinta da naman alade ake yi, wanda suke rubutawa Speck. Nemi ta ganye ko ta kifi. Manyan kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai gidajen burodi da safe da shagunan gidan mai, to yi guzurinka tun Asabar. Ruwan famfon gida ana sha, cika gora biyu, amma kada ka sha inda aka rubuta Kein Trinkwasser.

Akwai masallatai a Bingen da Koblenz. A tsakani, 'yar dardumar aljihu da gorar alwala sun wadatar, ga ciyawa mai tsabta a bakin ruwa kusan kowane gari. Alƙibla kudu maso gabas take. Kada ka dogara da kogin wajen gane ta, yana juyawa ba ka ankara ba. A watan Yuni azahar na shiga wajen ɗaya da rabi, magariba sai bayan tara da rabi na dare, lokaci na da yalwa. A Oktoba rana na saurin faɗuwa, kuma cikin kwazazzabo duhu na riga sauran wurare sauka.

Wajen kama ɗaki, tambaya biyu za ka yi: akwai inda ake kulle keke, kuma ina tagar ɗakin take kallo? Jiragen dakon kaya na bin layukan nan biyu dare da rana, ƙararsu na bugun dutse ta dawo. Ɗakin da ke bayan gida, nesa da dogo, ya fi mai kallon kogi samar da barci. Ka tafi da abin toshe kunne duk da haka.

In ka tsaya a hagu har ƙarshe, bayan Spay da Rhens za ka wuce ƙarƙashin fadar Stolzenfels, sai dogon lambun bakin ruwa ya shigar da kai Koblenz. Ci gaba da bin gaɓa har inda ƙasa ta ƙare da tsini, wato Deutsches Eck, mahaɗar Mosel da Rayin, daura da ganuwar Ehrenbreitstein da ke bisa dutse a ƙetare. Babbar tashar jirgi tana bayanka da kamar kilomita 2, kuma RB26 mai komawa Bingen da Mainz na tashi kowace awa. Nemi kujera ta gefen hagu, nan ne tagar da ke kallon ruwa.